Jakar Gana-mas-go da darasin tsare Japanawa: Abin da yaran Babura za su iya koya

A yankin Babura da Kazaure, idan aka ambaci Japan a gaban dattijo, abin da zai fara tunawa shi ne Yaƙin Bama, inda sojojinmu suka gwabza da dakarun Japan daga 1943 zuwa 1945. Daga can ne barikin Chindit na Zariya da na Dodan a Legas suka samo sunayensu.

Sai dai yaƙin yana da wani ɓangare da ba a cika ba da labarinsa a nan ba. Tunda gwamnatin tarayya ta sanar da mayar da darasin Tarihi makarantun firamare a 2022, ya kamata malamai su san shi.

Abin da ya faru

Ranar 7 ga Disambar 1941 jiragen yaƙin Japan suka kai hari sansanin sojin ruwan Amurka da ke Pearl Harbor. Ranar 19 ga Fabrairun 1942 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, wanda da shi aka kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan daga gidajensu, akasari a gaɓar yammacin ƙasar.

Kusan kashi biyu cikin uku nasu 'yan ƙasa ne haifaffun Amurka. Ba a kai su kotu ba. An zuba su a manyan sansanoni goma da aka kewaye da waya, irin su Manzanar a jihar Kalifoniya, kuma abin da hannu zai iya ɗauka kaɗai aka yarda su tafi da shi. Da yawa sun rasa gonaki da shaguna. Yara kuwa a cikin waya suka ci gaba da karatu.

Sai a 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar neman afuwa, aka biya duk wanda ya rage da rai dala 20,000.

Me ya haɗa shi da ɗan firamare a Babura?

Hukunta mutum saboda asalinsa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Gana, har da Hausawa da Yarabawan da wasunsu can aka haife su. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana. Daga nan jakar Gana-mas-go ta samo sunanta.

Yau ma yaro yana jin manya suna yi wa ƙabila guda kuɗin goro saboda ta'asar 'yan bindiga, alhali ɗan wannan ƙabilar ne abokin zamansa a benci. Labarin Japanawa yana da amfani a nan domin yana nesa: yara za su iya yanke hukunci a kansa ba tare da wani ya ji da iyayensa ake ba.

Yadda malami zai ɓullo wa darasin

Ɗan aji uku ba ya buƙatar tarin shekaru da sunaye. Malami ya shigo da jakar Gana-mas-go, ya ce kowa ya zana abin da zai saka a ciki idan aka ce gobe za a bar gida. Akuyar gida fa? Keken Baba fa? Daga nan sai ya faɗa musu cewa an taɓa yi wa yara kamarsu haka.

Kada a raba aji gida biyu, masu tsaro da tsararru, balle a ɗora wa ɗan wata ƙabila matsayin wanda aka tsare. Wasan zai bi su har waje.

A bambance musu gwamnatin da ta kai hari da jaririn da aka haifa a Kalifoniya. A tambaye su: an ce wake ɗaya ke ɓata gari, to mutane ma haka ne? A Islamiyya an riga an koya musu cewa ba a ɗora wa wani laifin wani.

Sannan a ba su labarin Fred Korematsu, matashin da ya ƙi tafiya sansani. Kotun Ƙoli ta kayar da shi a 1944, amma wata kotu ta soke hukuncin da aka yi masa a 1983. Yanzu duk ranar 30 ga Janairu jihar Kalifoniya tana tunawa da shi.