Kafin Inji Ya Buga: Alamomin Da Mai Mota Da Mai Babur Ya Kamata Su Sani

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan gyaran mota da na babur suka yi tashin gwauron zabo. Duk wanda ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tambayi kuɗin inji, ya san abin da ya sa motoci da yawa suke jingine a ƙofar gida ƙura ta rufe su. Abin takaicin shi ne, babbar lalacewa ba kasafai take zuwa ba zato ba tsammani ba. Abin hawa yakan nuna alama, ta ƙara ko wari ko hayaƙi ko fitila, mai shi ne yake cewa bari dai in ƙarasa gida.

Idan mota ta ƙi tashi

Kafin ka kira bakanike, kasa kunne. In ka murɗa makulli ka ji shiru, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas fitilun gaban direba suna dusashewa, galibi matsalar tana wajen batir. Buɗe bonet ka duba kawunansa. Sau da yawa za ka tarar da wani farin gari ya taru a kansu, ko waya ta yi sako-sako har kana iya juya ta da hannu. Kashe komai, fara cire baƙar wayar, goge kawunan tas, sannan ka mayar ka ɗaure tamau. Mutane da dama sun sayi sabon batir alhali wannan kaɗai ce cutar.

In hakan bai yi ba, sa mai wayarin ya auna da mita. Lafiyayyen batir yakan nuna bolt 12.6 idan mota tana kashe, ya hau wajen 14 idan inji yana aiki. In bai hau ba, altaneta ne ba ya caji, kuma ko sabon batir ka ɗaura zai mutu cikin 'yan kwanaki. Kada ka yarda a cire kan batir inji yana aiki wai don gwada caji. Wannan dabarar tsofaffin motoci ce, a motar zamani tana iya ƙona ƙwaƙwalwarta.

Idan kuwa inji yana juyawa garau amma bai kama ba, to ko mai ba ya zuwa, ko wuta ba ta isa fulogi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ya kamata ka ji ɗan gunji na daƙiƙa biyu daga wajen tanki. Famfon mai ke nan. Fetur ɗin da ke cikin tanki shi ke sanyaya shi, saboda haka yawo kullum da lita biyu ko uku yana gajarta masa kwana.

Idan inji ya ɗauki zafi

A nan ne aka fi tafka asara, musamman da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Da zarar allurar zafi ta nufi ja, sauka gefen titi ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin lagireto a lokacin. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwa, kana kwance murfin zai yi tsartuwa ya ƙona maka fuska da hannu. Jira aƙalla rabin awa. Kada kuma ka kwara wa injin ruwan sanyi, ƙarfen yana iya tsagewa. In ya huce, duba ko ruwa ya ragu, ko akwai yoyo a ƙasa, ko fanka ta daina juyawa, ko fambel ya tsinke.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu. Mota tana fara zafi sai bakanike ya ce, "Alhaji, a cire tamostat kawai, ai na ƙasar sanyi ne," ya kuma haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Tamostat ƙaramin bawul ne da ke riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 90. In aka cire shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya riƙa shan mai fiye da kima, yana cinyewa a hankali, ainihin cutar kuma tana nan ba a taɓa ta ba. In ya lalace, a sa sabo. Haka kuma ruwan rijiya ko na burtsatse yana tara tsatsa da ƙanzo a hanyoyin lagireto, gara a yi amfani da ruwan da aka yi musamman domin wannan aiki.

Wanda ya ci gaba da tafiya da zafi, gaskit ne zai ƙone. Alamarsa farin hayaƙi mai kauri daga salansa, ruwa yana raguwa ba yoyo, baƙin mai kuma ya koma kamar shayi mai madara.

Jar fitilar baƙin mai

In fitila mai siffar buta ta kama kana cikin tafiya, tsaya nan take. Tana nufin mai ba ya zagayawa da ƙarfin da ya kamata, kuma 'yan mintuna sun isa inji ya buga. Zaro sandar awo, goge ta, mayar, sake zarowa, ka ga ko man yana tsakanin alamomi biyun. Guji man da ake ɗurawa a robobi a bakin titi wanda ba ka san asalinsa ba. Araha ba ta ado. Hayaƙi ma yana ba da labari: shuɗi na nufin inji yana ƙona baƙin mai, baƙi kuma fetur ya yi yawa iska ta yi kaɗan.

Ga masu babur

In babur ya ƙi tashi, fara da fulogi. Kwance shi ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. In ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ko matatar iska ta toshe ko kafireta na ba da mai da yawa. Da hunturu ƙura tana toshe matatar cikin ɗan lokaci, sai ka ji babur yana shaƙewa, ba ya ja, yana zuƙar mai. Wasu sai su cire ta gaba ɗaya, ba su san yashi suke tura wa fistin ba. Injin babur irin su Boxer da Jincheng baƙin man da yake ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, don haka ɗan ragi kaɗan ma illa ne, balle ga ɗan acaɓa da ke wuni a kan titi. Sarƙa kuma a riƙa shafa mata mai, kada ta yi tauri, kada ta saki har ta zame ana cikin gudu.

A yi hattara da inda ake shan mai. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Najeriya, ya lalata wa mutane injuna. In na gidan mai ya iya yin haka, ina ga na 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba?

Fiyus da gobara

In hon ko fitila ta ɗauke farat ɗaya, duba fiyus. Aikinsa shi ne ya ƙone a madadin wayoyin mota. A maye shi da mai lamba irin tasa. In sabon ya sake ƙonewa, akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe, a nemo wurin. Ɗaure fiyus da zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli hanyar gobara ce. Kana jin warin roba na ƙonewa ko warin fetur, kashe inji, fitar da mutane.

A gareji

Faɗa wa bakanike abin da ka ji da abin da ka gani, da lokacin da yake faruwa. Kada ka yarda da gyaran lalube, yau a canza wannan gobe a canza wancan. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da wurin da ake jona na'ura ta karanta inda matsala take. In fitilar inji ta kama, a jona a duba, kada a cire ƙwan fitilar ko a liƙe ta. Duk abin da aka ce an canza, nemi a ba ka tsohon.

Birki kuwa ba a yi masa sai gobe. In ka taka ka ji ya yi laushi, ko yana ƙarar gugar ƙarfe, ajiye abin hawan har a gyara. Jama'a, mu ware minti biyar kowace safiya mu duba ruwa, baƙin mai, man birki da iskar taya kafin mu ɗauki iyali ko fasinja. Allah Ya kiyaye hanya.