Kwanektar Turawa: Haɗarin Ya Bar Hannun Mai Wayarin, Ya Koma Kasuwa

Duk wanda ya taɓa leƙa saman silin wani gida a Zonkwa ko Samarun Kataf ya san yadda aka saba haɗa wayar lantarki: a fere bakin wayoyi, a murɗe su da filaya, a nannaɗe da baƙin salatif, a jefa cikin duhu. A 'yan shekarun nan wata 'yar roba ta fara cin kasuwar salatif a shagunan kayan wuta na Kafanchan. Kwanekta ce mai ramuka biyu, uku ko biyar, ana tura waya ciki sifirin ya cafke ta, ba murɗi ba sukuru. Masu wayarin kan kira kowace iri Wago, sunan kamfanin garin Minden na Jamus da ya fito da ita a 1974. Ta karɓu ne saboda sauri, ga kuma sola da ta shigo da matasa cikin sana'ar, waɗanda hannunsu bai goge da murɗi ba. A ganina ci gaba ne, sai dai haɗarin gobara bai gushe ba, ya tashi ne daga hannun mai aiki ya koma kantin mai sayarwa.

Wutar da ke cin gida ba kasafai take tashi daga tsakiyar waya ba, daga mahaɗa take tashi. Mahaɗar da ta yi sako-sako har turjiyarta ta kai kashi ɗaya cikin goma na om, in ampiya 20 ta ratsa ta, za ta fitar da zafin wat 40, wato zafin tsohon ƙwan fitila a wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma fis ba zai yanke ba, don a wurinsa komai lafiya. Yanayin kudancin Kaduna yana ƙara wa murɗi rauni. Zafin kwano a watan Maris yana narkar da gam ɗin salatif, doguwar damina ta kawo laima ta dusashe jan ƙarfe, ɓera ya ƙarasa sauran. Tsofaffin masu sana'a suna cewa ɗan sifirin ba zai riƙe abin da murɗi ya riƙe ba, tun da wuri kaɗan yake taɓawa. Maganar tana da kama da gaskiya, amma ba sifirin ke ɗaukar wutar ba. Aikinsa danna wayar kan wani sandan jan ƙarfe da ke ciki, kuma yana bin ta duk lokacin da ta buɗe da zafi ko ta tsuke da sanyi, abin da murɗi da sukuru ba sa yi. Ƙwararre yana iya yin murɗi mai kyau, ba musu. Sai dai yaransa ne ke hawa silin.

Amma duk wannan ya rataya ne kan kayan gaskiya. Kwanekta ta asali, mai lamba 2273, an rubuta iyakarta a jikinta: ampiya 24, waya sanda mai faɗin ciki har murabba'in milimita 2.5, a fere milimita 11. Ta jabu tana ɗauke da rubutu iri ɗaya, da sifirin mai laushi da robar da ke narkewa, kuma ido ba ya rabe su cikin sauƙi. Ita kanta wayar ta fi ba da tsoro. Kasuwa cike take da alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. In aka kankare ta da wuƙa sai farin ya bayyana. Alminiyam yana lotsawa ƙarƙashin sifirin, yana kuma yin wata fata da ke tare wuta, don haka kwanekta mai kyau kan irin wannan waya ba ta tsinana komai. Wanda ya sayi wayar Cutix ko Coleman ta gaskiya ya rage rabin damuwarsa.

Inda na fi jin tsoro shi ne ɓangaren batir. Kayan wat 300 kan wutar NEPA mai bolt 230 ba sa jan ampiya 2, amma kayan nan kan batir mai bolt 12 ampiya 25 suke ja, sun riga sun haura iyakar kwanektar. Wayar sola kuma mai silili ce, ba ta shiga ta turawa yadda ya kamata, wasu sililin sai su lanƙwashe a bakin rami. Ga irin wannan waya aka yi mai 'yar marfi da ake ɗagawa, lamba 221, mai ɗaukar ampiya 32. Tsakanin batir da inbata kuwa ko ita ba ta isa ba, sai kan waya mai noti.

Wasu za su ce tun da jabu ta yi yawa a koma wa salatif. To ai salatif ɗin ma akwai jabunsa, haka soket, haka waya. Hukumar SON ce ke da alhakin tsare kasuwa, NEMSA kuma, da dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin shaida da duba aiki, amma ba a sa ran jami'insu ya hau silin kowane gida a Zangon Kataf. Abin da ke hannun mai gida shi ne ya nemi a sa kowace mahaɗa cikin akwatinta mai murfi inda hannu zai kai, ya duba ta robar mai haske ya ga jan ƙarfen ya kai ƙarshen rami, ya ja kowace waya ya ji ta kama. Bayan an kunna dutsen guga ko hita na rabin awa, ya taɓa murfin akwatin. In da ɗumi, a kashe wuta a kira mai aikin.