Shin ya dace 'yan sanda su riƙa amfani da motocin alfarma masu gudun tsiya?

A shekarar 2013 rundunar 'yan sandan Dubai ta fito da mota ƙirar Lamborghini Aventador da aka yi wa fentin fari da kore, ta sanya ta cikin jerin motocin sintirinta. Daga baya Ferrari da Bentley da Aston Martin da McLaren suka biyo baya, har da Bugatti Veyron, wadda kundin bajinta na Guinness ya amince da ita a matsayin motar 'yan sanda mafi gudu a duniya, domin tana iya cin kilomita 407 a sa'a guda. Tun daga lokacin ake muhawara kan ko irin waɗannan motoci na da wani amfani ga aikin tsaro, ko kuwa ɓarnar dukiyar jama'a ce kawai. Amsar ta danganta ne ga aikin da aka ware wa motar, da wanda ya biya kuɗinta, da kuma irin titin da za ta hau.

Aikin da suke yi a zahiri

Jami'an Dubai ba su ɓoye cewa ba don bin masu laifi suka tanadi motocin ba. Akasari ana ganinsu ne a wuraren da masu yawon buɗe ido ke taruwa, kamar kewayen dogon benen Burj Khalifa da bakin tekun Jumeirah, inda baƙi ke tsayawa su ɗauki hoto da jami'ai. Manufar ita ce tallata birnin da kuma kusanto da ɗan sanda ga jama'a. Aikin sintiri na yau da kullum kuwa motoci na gama-gari ne ke yin sa.

Labarin Italiya ya bambanta. A 2004 kamfanin Lamborghini ya ba rundunar 'yan sandan ƙasar kyautar mota ƙirar Gallardo, daga baya ya ƙara mata Huracán, sai kuma Urus a ƙarshen 2023. Ban da sintiri a manyan hanyoyi, an tanadi akwatin sanyi a cikin motocin domin jigilar jini da sassan jikin ɗan Adam da za a yi wa marasa lafiya dashe. A watan Disamba na 2022 jami'ai sun ɗauko ƙoda biyu daga birnin Paduwa suka kai asibitocin Modena da Roma, inda marasa lafiya biyu ke jira. A irin wannan aiki gudu na da ma'ana, saboda duk sa'ar da ƙoda ta ƙara a wajen jiki tana rage yiwuwar dashen ya yi nasara.

Ƙasar Holand ta riga kowa daɗewa a wannan harka. Daga farkon shekarun 1960 zuwa 1996 'yan sandan manyan hanyoyinta sun yi amfani da motocin Porsche kusan 500. Lokacin da aka fara, babu dokar ƙayyade gudu a manyan titunan ƙasar, don haka ana buƙatar motar da za ta iya cim ma kowane direba. Bayan an kafa dokar, kuma motoci masu araha suka ƙara ƙarfin inji, sai hujjar kashe kuɗin ta raunana, aka koma ga wasu motocin.

Wa ke biyan kuɗin?

A mafi yawan ƙasashe ba daga baitulmali ake sayen irin waɗannan motoci ba. Na Italiya kyauta ce daga kamfani, wanda shi ma yake cin ribar tallar da ake yi masa. A lardin Tochigi na ƙasar Japan wani mazaunin yankin ne ya ba 'yan sanda kyautar Nissan GT-R a 2018.

Hanya ta biyu ita ce ƙwace. A 2022 'yan sandan Jamhuriyar Cek sun mayar da wata Ferrari 458 da aka ƙwace daga hannun masu laifi motar sintiri, suka kuma bayyana cewa kuɗin da aka kashe wajen yi mata fenti da sanya mata jiniya da kyamara bai kai farashin sabuwar Skoda ba. Sun ware ta domin farautar ɓarayin motoci da masu tseren ganganci a kan titi. A watan Disamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida na Turkiyya, Ali Yerlikaya, ya sanar da miƙa wa 'yan sandan Istanbul motocin alfarma 23 da aka ƙwace daga gungun masu aikata laifuka, ciki har da Ferrari da Bentley da Porsche.

Sai dai samun mota kyauta bai ɗauke nauyin riƙe ta ba. Veyron na da inji mai silinda 16, kuma idan aka taka ta iyakar gudunta tana iya shanye tankinta na lita 100 cikin kimanin minti 12. Tayoyi da birki da kayan gyaran irin waɗannan motoci na musamman ne, ba kowane bakanike ke iya taɓa su ba, kuma dole a horar da direbobi na daban. Ko da horon ma ba a tsira daga tsautsayi ba: a 2009 ɗaya daga cikin motocin Gallardo na 'yan sandan Italiya ta yi raga-raga a wani hatsari kusa da garin Cremona.

Akwai kuma matsalar siffar motar. Kujeru biyu ne kacal, babu wurin ajiye wanda aka kama, babu sararin zuba kayan aiki, ga shi cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Rami ɗaya ko tudun rage gudu ya isa ya tsayar da ita.

Hatsarin bin mai laifi a guje

Babbar hujjar masu adawa ba ta tsaya ga kuɗi ba, ta shafi rayuka. Motar da ke gudun kilomita 200 a sa'a tana cin fiye da mita 55 a kowace daƙiƙa, wato kusan rabin tsawon filin ƙwallo kafin direba ya gama ƙifta ido ya kai ƙafa kan birki. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ninkawa huɗu take yi. Mai tserewa kuwa yakan ƙara wuta ne gwargwadon yadda aka matsa masa.

Amurka ta ɗanɗana kuɗar wannan. Wani bincike da jaridar USA Today ta wallafa a 2015 ya gano cewa sama da mutum 11,500 ne suka mutu sakamakon tseren 'yan sanda da masu gudu tsakanin 1979 da 2013, kuma fiye da 5,000 daga cikinsu fasinjoji ne da masu wucewa da ba su ji ba, ba su gani ba. A 2023 wani rahoto da Ma'aikatar Shari'ar ƙasar ta mara wa baya ya ba da shawarar kada a bi mota a guje sai idan an aikata laifin zubar da jini ko makamancinsa, kuma akwai fargabar wanda ake zargin zai sake cutar da wani nan take.

Shi ya sa rundunoni da dama suka fi dogara ga kyamarorin da ke karanta lambar mota, da jirage masu saukar ungulu, da ƙusoshin da ake shimfiɗawa a titi su fasa taya, da kuma oba-oba da ke sanar da jami'an da ke gaba su tare hanya. Komai gudun mota, saƙon rediyo zai riga ta isa. Ko a Amurka, ƙasar da ta yi suna da manyan injuna, motar da 'yan sanda suka fi saye a yau ita ce jif ɗin Ford da aka ƙera kan samfurin Explorer, saboda faɗinta da jurewarta.

Ma'aunin da ya kamata a bi

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne motar alfarma na da gurbi, amma ƙarami ne. Tana amfani idan akwai aiki takamaimai irin jigilar sassan dashe, da titi lafiyayye da zai ɗauki gudunta, da ƙwararrun direbobi, kuma ba a ɗebi kuɗin sayenta daga kason sintiri ba. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, ta koma kayan ado.

A Najeriya, inda iyakar gudun ƙananan motoci a manyan tagwayen hanyoyi yake kilomita 100 a sa'a, kuma Toyota Hilux ce ƙashin bayan sintiri, tambayar ta fi shafar yadda ake kashe kuɗin Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da aka kafa da dokar 2019, da kuma makomar motocin da kotuna ke ƙwacewa daga masu laifi. Kuɗin Veyron guda, wanda ya haura Dala miliyan ɗaya, zai sayi motocin sintiri da dama, ya kuma bar rarar zuba musu mai. Ɗan kasuwar da ya kira ofishin 'yan sanda da tsakar dare saboda ana fasa masa shago ba zai tambayi ƙirar motar da za ta zo ba. Buƙatarsa ita ce a samu motar da ke tashi, da mai a cikinta, da jami'an da za su iso kafin ɓarayin su kwashe kayan.