Wasannin Kwaikwayo Masu Dogon Zango: Mai Biyan Kuɗi Shi Ke Tsara Abin da Ake Kallo

ABUJA — Duk wanda ya saba shiga kasuwar Wuse da ke shiyya ta 5 a Babban Birnin Tarayya, ko kuwa rukunin shagunan Banex da ke kan titin Aminu Kano a Wuse II, ya san cewa hirar wasannin kwaikwayo na Hausa masu dogon zango ta zama abokiyar zaman shago. Tela yana kan keke, wayarsa tana jingine da kwalin zare tana nuna Labarina. Mai sayar da yadi yana jiran ciniki, yana gardama da maƙwabcinsa a kan abin da ya kamata a yi wa wani a cikin Izzar So. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne, ba a jiran dare a taru gaban akwatin talabijin kamar da. Kowa da tasa wayar, kowa da lokacinsa.

Ƙorafe-ƙorafen masu kallon nan kusan iri ɗaya ne ko'ina aka je. Suna cewa gidajen da ake nunawa sun yi tsada fiye da rayuwar mutanen da ke kallo, labari yana jan ƙafa har mako huɗu ba a warware magana ɗaya ba, sa'an nan a wayi gari an canza ɗan wasan da aka saba da shi ba tare da wani bayani ba. Ana ɗora laifin a kan marubuta da daraktoci. Amma ɗan kasuwan da ya duba lamarin da idon lissafi zai tarar cewa yawancin waɗannan abubuwa suna da tushe a wuri guda, wato hanyar da kuɗi ke shigowa cikin sana'ar.

Tun asali, irin wannan wasa ɗan talla ne. A ƙasar Amurka, cikin shekarun 1930, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suka riƙa ɗaukar nauyin wasannin rediyo da ake sawa da rana, lokacin da matan aure ke gida suna aikace-aikace, domin su ne masu sayen sabulun. Daga nan ne sunan wasan a Turance ya samo asali, aka laƙaba masa sunan sabulu. An tsara labarin yadda ba zai ƙare ba, saboda muddin mai sauraro ya dawo gobe, mai talla ma zai dawo. Da mata suka yawaita a wuraren aiki, masu kallon rana suka ragu, sai wasannin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya: Guiding Light ya tsaya a 2009, As the World Turns a 2010. Shi kuwa Days of Our Lives, wanda tashar NBC ta Amurka ke nunawa tun 1965, an ɗauke shi daga talabijin a watan Satumba na 2022 aka mayar da shi dandalin Peacock na intanet, inda sai an biya kuɗin wata kafin a kalla. Tsofaffin masu kallonsa da dama sun yi ta gunaguni a kan haka.

A Nijeriya ma tsarin bai bambanta sosai ba a zamanin da Hukumar Talabijin ta Ƙasa, wato NTA, ke cin kasuwarta ita kaɗai. Bankin UBA ne ya ɗauki nauyin Cock Crow at Dawn, wasan da aka shirya a Jos a farkon shekarun 1980 domin jawo hankalin jama'a ga aikin gona. A ɓangaren Hausa kuwa, gidajen talabijin na gwamnati ne suka riƙe wasanni irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karambana na Ƙasimu Yero, da Karkuzu. Waɗanda suka kalle su suna tuna cewa kayan adon ba su wuce tabarma da buta da zaure ba, kuma babu wanda ya damu, domin tashar ce ke biya daga kasonta, ba ta neman burge kowa da kujeru. Bayan da aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa a 1992, aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, sai lissafin ya fara komawa hannun masu talla.

A daidai wannan lokaci ne fim ɗin bidiyo na Hausa ya taso. An yi Turmin Danya a Kano a 1990, kuma cikin shekaru goma sana'ar ta kafu har ta sami sunan Kannywood. Tsarin kasuwarta mai sauƙin fahimta ne: furodusa ya shirya fim, dillalai a Ƙofar Wambai da Bata a Kano su saya su buga, kaset, daga baya faifan CD, ya bi motocin haya zuwa Kaduna da Sakkwato da Maraɗi da Abuja. Masu shaguna a Wuse da sauran kasuwannin birnin tarayya suna cikin wannan sarƙa, kuma sun ci riba a cikinta. Fim yakan zo kashi na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na huɗu, amma dole ya ƙare, domin mai saye ba zai ci gaba da biyan kuɗi a kan labarin da ba shi da ƙarshe ba.

Satar fasaha da wayar hannu su ne suka rusa wannan kasuwa. Da ƙananan katunan ajiya suka yi arha, sai masu tura fina-finai a waya suka bazu a bakin kasuwanni da tashoshin mota, suna zuba wa mutum fim da yawa a kan kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, kuma ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya shirya fim ɗin. Zuwa tsakiyar shekarun 2010, dillalan faifai da yawa sun koma sayar da kayan waya.

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ita ce ta dawo da wasa mai dogon zango cikin gidajen Hausawa. Wasanta Daɗin Kowa ya kafu a kan wani gari na ƙirƙira mai ɗauke da malamai da dillalai da masu shayi da baƙi daga wasu sassan ƙasa, kuma ya lashe lambar yabo ta AMVCA a 2016. Abin lura a nan shi ne, masu ƙorafin cewa ana nuna gidajen alfarma sukan kawo Daɗin Kowa a matsayin misalin abin da suke so: soron Malam Nata'ala, da tsakar gidan Kamaye da Adama, wurare ne da mai kallo ya san irinsu. A 2019 tashar ta ƙaro Kwana Casa'in, labarin siyasar wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa, da kuma Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi. Har ila yau, wani ɓangare na kuɗin waɗannan wasanni daga tallace-tallacen da ake sawa a tsakaninsu yake fitowa.

Shekarar 2020 ce ta karkatar da akalar sana'ar. Annobar korona ta rufe gidajen sinima, ta zaunar da mutane a gida, kuma a cikinta ne Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a tasharsa ta Bakori TV a YouTube, Aminu Saira kuma ya fito da Labarina, wanda aka riƙa nunawa a Arewa24 ana kuma ɗora shi a tashar Saira Movies. Nasarar waɗannan biyu ta nuna wa sauran furodusoshi cewa ana iya isa ga mai kallo ba tare da dillali ba, ba kuma tare da tasha ba. Cikin ɗan lokaci, galibin masu shirya fina-finan Hausa suka bar fim mai kashi biyu suka rungumi mai dogon zango.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya tsaya ya fahimci yadda YouTube ke biya, domin a cikinsa amsar yawancin ƙorafe-ƙorafen take. Kafin tasha ta cancanci cikakken rabon kuɗin talla, sai ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin watanni 12. Bayan haka, kamfanin yana ba mai tashar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan da aka sa a dogayen bidiyoyinsa, ya riƙe sauran. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya tsarma masa talla a tsakiya, ba a farko kaɗai ba. Ke nan shiri mai tsawon sa'a ɗaya yana da gurabun talla da yawa. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin ganin an shafe minti biyar ana gaisuwa a falo ba, ko a nuna mota tun daga buɗe ƙofar gida har ta ɓace a kan titi. Jan labari da mai kallo ke kuka da shi, a littafin lissafin furodusa riba ce. Haka kuma yanke shiri a daidai inda hankali ya tashi, dabarar nan ce ta kamfanonin sabulu ta shekaru casa'in da suka wuce.

Bugu da ƙari, ba kowane mai kallo ne ke kawo kuɗi daidai da ɗan'uwansa ba. Abin da masu talla ke biya domin isa ga mutumin da ke Ingila ko Amurka ko Saudiyya ya fi abin da suke biya domin isa ga na Kano ko Wuse nesa ba kusa ba. Saboda haka Hausawan da ke zaune a ƙasashen waje suna da nauyi a wannan kasuwa fiye da yawansu. Kuma da yake da dala ake lissafin kuɗin, faɗuwar darajar Naira bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023 ta ƙara wa abin da furodusa ke karɓa yawa idan an canza shi. Sai dai abin da ya shigo ta ƙofa ya fita ta taga: janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar ya ɗaga kuɗin sufuri da na janareta, kyamarori da fitilu kuwa daga waje ake shigo da su.

Batun gidajen alfarma yana da fuska biyu. Akwai gasa, domin hoton da aka ɗora a fuskar bidiyo shi ke sa a taɓa shi ko a wuce, kuma furodusoshi sun yi imani cewa falo mai ƙyalli da babbar mota suna jan ido. Akwai kuma sauƙin aiki. Masana'antar ba ta da wadatattun ɗakunan ɗaukar hoto da aka gina domin haka. Shirin kafa ƙauyen fim a Kano da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2016 ya wargaje sakamakon adawar da ya fuskanta. Don haka hayar gida ake yi, kuma gida mai katanga da janareta, inda za a rufe ƙofa a ɗauki fitowa ashirin a yini ɗaya, ya fi araha a kan unguwa mai cunkoso inda yara za su taru, mai babur ya ratsa, lasifika ta katse magana. Shi ya sa mai kallo mai lura yakan gane falo ɗaya a wasanni uku daban-daban, an dai sauya labule.

Canjin 'yan wasa shi ya fi ɓata wa masu kallo rai. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022, aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, an daɗe ana muhawara a kai. Fim na da yakan kammala cikin makonni, kowa ya kama gabansa. Wasa mai dogon zango kuwa yana riƙe ɗan wasa shekara biyu ko uku, alhali yana da wasu harkokin, kuma farashinsa yana tashi yayin da wasan ke karɓuwa. Inda yarjejeniya ba ta fayyace tsawon lokaci da ƙarin kuɗi tun farko ba, rabuwa ba ta da wuya. Wannan darasi ne da kowane mai kamfani ya sani game da ma'aikacin da kasuwa ta dogara da fuskarsa, amma masana'antar ta makara wajen koyonsa.

Shi mai kallo yana ganin kyauta yake kallo, alhali kuɗin data yake biya, kuma ba furodusa ke karɓarsa ba, kamfanin sadarwa ne. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da abin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Duk ƙarin irin wannan yana tura masu ƙaramin ƙarfi komawa wurin masu tura fim a waya, inda kallonsu ba ya shiga lissafin kowa. An gwada hanyar biyan kuɗi kai tsaye: dandalin Northflix ya fito a 2019 domin fina-finan Hausa, Arewa24 ma ta buɗe nata na intanet. Amma gasa da abin da ake ganin kyauta ne aiki ne mai wuya, kuma ko manyan kamfanonin duniya sun ɗanɗana hakan, domin a farkon 2024 Prime Video na kamfanin Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin shirye-shirye a Afirka.

Akwai kuma hukuma. Komawa intanet bai fitar da wasannin daga ƙarƙashin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ba, wadda aka kafa a 2001. A watan Mayu na 2025 ta dakatar da wasanni 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kai mata su ta tace kafin a sake su ba. Ga wasan da ke fita mako-mako, kuma mai talla ya riga ya biya, tsaikon mako guda asara ce da ake iya ƙirgawa.

Ga 'yan kasuwar Wuse, ƙofar da ta buɗe ita ce ta talla kai tsaye. Da yake kuɗin YouTube kaɗai ba ya ɗaukar nauyin shiri, furodusoshi suna sayar da gurbi a cikin wasan kansa: tallan shagon atamfa da leshi, da na masu turare, da kamfanonin filaye da gidaje, da masu jigilar Umra, wani a farkon shiri, wani a tsakiya, wani ma a bakin 'yan wasan. Masu kallo suna ƙorafi a kan wannan ma, musamman idan tallan ya yi tsawo har ya sha kan labarin. Amma ga mai shagon da a da ba zai iya tunkarar farashin minti ɗaya a tashar ƙasa ba, wannan hanya ce ta isa ga Bahaushen Legas da na Yamai da na Jidda a dare ɗaya, kuma tallan yana nan cikin bidiyon ko bayan shekara. Kafin ya biya, yana da damar duba adadin waɗanda suka kalli shirye-shiryen baya, tun da a fili yake ƙarƙashin kowane bidiyo, ya kuma nemi furodusa ya nuna masa ƙasashen da masu kallon suke da minti nawa suke yi kafin su fita, domin duk waɗannan alƙaluma suna cikin shafin mai tashar.