Dalilan da Ke Sa Manyan Jiragen Ƙasashen Waje Sauya Zango

YOLA: Filin jirgin saman Yola, wanda Gwamnatin Tarayya ta raɗa wa sunan Lamiɗo Aliyu Mustafa a shekarar 2023, ba shi da nisa da unguwar Luggere da ke Jimeta. Duk da wannan kusanci, ɗan kasuwar da zai tafi Dubai sarin kaya, ko majinyacin da za a kai Alƙahira, tilas ya fara biyan kuɗin jirgi zuwa Abuja ko Ikko, ko kuma ya bi mota zuwa Kano, kafin ya sami jirgin da zai ƙetare da shi. In ba lokacin jigilar alhazai ba, manyan jiragen dogon zango ba sa sauka a Yola.

Jama'a da dama na ɗaukar wannan a matsayin rashin gata kawai. Babu musun cewa siyasa na da hannu a rabon ayyukan gwamnati, amma kamfanonin jiragen sama da lissafi suke aiki. Kafin kamfani ya buɗe sabon zango ko ya rufe tsoho, yakan duba ko akwai wurin da jirginsa zai tsaya, ko zai sami wurin a lokacin da ya dace da shi, ko akwai fasinjojin da za su cika kujeru, da kuma ko zai iya fitar da kuɗin da ya samu zuwa ƙasarsa.

Ƙofa da matsaya

Abin da ake kira ƙofa a filin jirgin sama ya haɗa da zauren da fasinjoji ke jira, da gadar da suke bi zuwa cikin jirgi, da matsayar da jirgin ke tsayawa a farfajiya. Matsayar ce ta fi cin fili. Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta kasa jirage gida-gida bisa faɗin fikafikansu. Jirgi samfurin Boeing 737, irin wanda ke yawan zirga-zirgar cikin gida, faɗin fikafikansa bai wuce mita 36 ba. Na Boeing 777 kuwa, wanda ake tafiyar dogon zango da shi, ya kusa mita 65, yayin da na Airbus A380 ya kusa mita 80. Wato matsayar babban jirgi guda kan cinye wurin da zai ishi ƙanana kusan biyu.

Bayan fili sai lokaci. Ƙaramin jirgi kan sauke fasinjoji ya ɗauki wasu ya tashi cikin kamar sa'a guda. Babban jirgi kan ɗauki sa'o'i biyu zuwa uku, domin sauke kaya da shan mai da shara da ɗora abinci. Bugu da ƙari, yawancin jiragen da ke zuwa Turai daga Nijeriya da dare suke tashi, domin su isa da safe fasinjoji su riski jiragen da za su wuce da su Amurka da sauran wurare. Idan duka kamfanoni na son sa'o'i shida ɗin nan na dare, ƙofa ɗaya jirage biyu zuwa uku kacal za ta iya ɗauka, ko da kuwa ta yini babu kowa a kanta. Saboda haka ana auna ƙarfin fili ne da yawan manyan jiragen da zai iya karɓa a sa'ar cunkoso.

Darasin Ikko da na Landan

Filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Ikko ya nuna wannan a zahiri. A shekarar 2013 Nijeriya ta ƙulla yarjejeniyar rancen dalar Amurka miliyan 500 da bankin Exim na ƙasar Sin domin gina sababbin gine-ginen fasinjoji a Ikko da Abuja da Kano da Fatakwal. An buɗe na Ikko a watan Maris na 2022, amma manyan kamfanonin ƙasashen waje suka ci gaba da zama a tsohon ginin da aka buɗe tun 1979, saboda farfajiyar sabon ba ta da isasshen wurin tsayuwar manyan jirage. Sai a 2023 Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya umurce su da su koma can. A 2025 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kashe fiye da naira biliyan 700 domin sake gina tsohon ginin da faɗaɗa farfajiyar sabon.

Matsalar ba a gida kaɗai take ba, domin kowane zango kai biyu gare shi. Filin Heathrow na Landan titunan sauka da tashi biyu ne da shi, kuma an ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara. A irin waɗannan filaye da suka cika maƙil, ana raba wa kamfanoni gurbin lokaci, wato izinin sauka ko tashi a wata sa'a tabbatacciya. Ƙa'idar ita ce, kamfanin da bai yi amfani da kashi 80 cikin 100 na gurbinsa ba yana iya rasa shi a zango na gaba. Wannan ya mai da gurbi kadara mai tsada: a 2016 kamfanin Oman Air ya biya dala miliyan 75 domin gurbin sauka da tashi guda a Heathrow.

Nijeriya ta sha cin karo da wannan bango. A 2011 an yi takun saƙa da Ingila bayan kamfanin Arik ya rasa gurbinsa na jirgin Abuja a Heathrow. A watan Maris na 2024 kamfanin Air Peace ya fara zuwa Landan daga Ikko, amma filin Gatwick ya samu, kuma sai a watan Oktoba na 2025 ya fara sauka a Heathrow daga Abuja. Abin lura shi ne, kamfanin da ke riƙe da gurbi mai tsada haka zai ɗora shi ne a kan zangon da ya fi kawo riba. Idan ya auna Ikko da Abuja a gefe guda, sauran biranen ƙasar nan a ɗaya gefen, ba wuya a san inda zai karkata.

Yadda Kano ta rasa matsayinta

Kano ce ta fara ganin saukar jirgin sama a Nijeriya, lokacin da jiragen sojan saman Ingila uku suka iso daga Masar a watan Nuwamba na 1925. Daga bisani ta zama babban zango a hanyar Turai zuwa Kongo da Afirka ta Kudu, domin jiragen wancan zamani masu farfela ba sa iya yin wannan tafiya ba tare da sun sha mai a hanya ba. Kamfanoni irin su BOAC na Ingila da Sabena na Beljiyam da KLM na Holan duk sun mai da Kano mashayarsu.

Da jirage masu cin dogon zango suka bayyana, irin su Boeing 707 a 1958 da Boeing 747 a 1970, sai buƙatar ya da zango ta kau, ya zama jirgi ba zai sauka a Kano ba sai don fasinjan Kano. Komawar Gwamnatin Tarayya Abuja a watan Disamba na 1991 ta janye jami'an diflomasiyya da 'yan kwangila zuwa can, durƙushewar masana'antun Bompai da Sharaɗa ta rage matafiyan kasuwanci, sannan kamfanin Nigeria Airways ya daina aiki a 2003. A 2012 KLM ya janye daga Kano bayan fiye da shekaru 60. Zirga-zirgar da ta wanzu ta fuskanci gabas ne, inda ciniki da ibada da neman magani suke: Jidda da Alƙahira da Adis Ababa, sai Doha, wadda kamfanin Qatar Airways ya haɗa da Kano a watan Maris na 2022. Kano ba ta rasa filin ajiye jirage ba. Fasinjan Turai mai biyan kujera mai tsada ta rasa.

Akwai wasu misalai biyu da suka nuna cewa wuri kaɗai ba ya jawo jirgi. A watan Maris na 2017, da aka rufe filin Abuja na makonni shida domin gyaran titi aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, kamfanonin British Airways da Lufthansa da Air France sun gwammace su dakatar da zangon baki ɗaya, yayin da Ethiopian Airlines ya amince ya sauka a can. Haka kuma a ƙarshen 2022 kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya saboda kuɗaɗensa da suka maƙale sakamakon ƙarancin kuɗin musaya. A 2023 kuɗin kamfanonin ƙasashen waje da suka maƙale sun haura dala miliyan 800, kuma Emirates bai dawo ba sai a watan Oktoba na 2024.

Matsayin Yola

Jigilar alhazan Adamawa da Taraba ta tabbatar da cewa babban jirgi na iya sauka da tashi a Yola. Sai dai jirgin alhazai na shata ne: an san yawan fasinjojinsa, an biya kuɗinsu tun kafin ya taso, kuma aikin na 'yan makonni ne. Jirgin da ke bin jadawali kuwa dole ya tashi ko ya cika ko bai cika ba. Alal misali, jirgi mai kujeru 250 da ke zuwa sau uku a mako yana da kujeru 750 na fita. Domin ya cika kashi 80 cikin 100, yana buƙatar fasinjoji 600 kowane mako, wato fiye da 31,000 a shekara, da irinsu na dawowa. Wannan shi ne ma'aunin da kowane kamfani zai ɗora Yola da Mubi da Numan da Jalingo a kai.

Don haka abin da ya fi kusa da hannu shi ne kyautata haɗin Yola da filayen da manyan jirage ke sauka. Idan kamfanonin cikin gida suka ƙulla yarjejeniya da na waje ta yadda matafiyi zai yanki tikiti ɗaya daga Yola har inda za shi, a kuma auna kayansa sau ɗaya, zai huta da biyan kuɗin kaya sau biyu da asarar tikiti idan jirgin farko ya makara. Idan aka daidaita lokutan tashi daga Yola da na jiragen ƙetare a Abuja, zai huta da kuɗin masauki. Ita kuwa Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya, FAAN, duk lokacin da za ta kashe kuɗi a Yola, ya kamata ta fara da farfajiya da fitilun saukar dare da kayan kashe gobara da wurin ajiye kaya, domin su ne kamfanin jirgi ke fara tambaya kafin ya dubi kyan gini.