Bas Ba Ta Shan Ruwa, Yoyo Take Yi

Da zarar bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, wata tsohuwar gardama takan dawo tashoshin mota da garejin kanikawa. Ana cewa motocin da ake shigo da su daga Turai ta Kwatano ba don zafinmu aka ƙera su ba, wai shi ya sa ake ganin Hiace da Sharon da J5 a fake a gefen titin Kano zuwa Zariya ko na Damaturu zuwa Maiduguri, tururi na tashi, fasinjoji na neman inuwa. Maganin da ake yayatawa kuwa bai wuce uku ba: a cire tamostat, a haɗa fanka dairek, a ajiye jarkar ruwa a ƙarƙashin kujera. Direba zai ce maka motarsa lafiyarta ƙalau, "ruwa kawai take ɗan sha," kullum da safe yaron mota ya juye mata ledar fiya wata biyu ko uku, a kama hanya.

Wannan magana ita ta kashe injuna da yawa. Inji yana ƙona mai, yana iya ɗan rage baƙin mai, amma ba shi da hanyar cinye ruwa. Ruwan da ke sanyaya shi a rufe yake zagayawa: daga lagireto ya bi tiyo ya shiga inji, ya kewaye silinda ya kwashi zafi, ya koma lagireto iska ta huce shi. Mota mai lafiya takan yi watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. In ruwa ya ragu, to ta wani wuri ya fita: ko ya ɗiga ƙasa, ko ya tsere ta murfi, ko ya shige cikin injin kansa. Hiace tana ɗaukar lita 10 da 'yan kai. Mai ƙara mata leda biyu a kullum, wato lita ɗaya, kafin mako biyu ya wanke mafi yawan kulan ɗin da ta zo da shi, wato ruwan sinadarin sanyaya inji, ya bar ta da kusan ruwa tsura.

Murfin da ake rainawa

Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100 a ma'aunin Selshiyos a bakin teku, kamar Legas. A Kano, saboda tudu, wajen 98 yake tafasa, a Jos kuma wajen 96. Shi kuwa inji tsakanin 85 da 95 yake aikinsa na yau da kullum, in kuma bas ta ɗauko lodi tana hawan tudu da ranar Afrilu, yana iya haura 100. Ke nan da a buɗe ruwan yake, da irin wannan bas ta tafasa a kan hanya. Abin da ke hana haka shi ne murfin lagireto. Duba samansa za ka ga an buga 0.9 ko 1.1, adadin matsin da sifirin da ke cikinsa zai riƙe ke nan. Da murfi mai 1.1, ruwa tsura ma sai ya kai wajen 120 kafin ya tafasa, in kuma an haɗa shi rabi da rabi da kulan, ya doshi 130.

Kwalbar lemo ta isa misali. Girgiza ta da murfinta a rufe, lemon zai zauna abinsa, domin matsin da ke ciki ya danne iskar. Huda murfin da allura, za ka ji tana huci a hankali, kumfa na tasowa daga ƙasa. Ɓalle murfin gaba ɗaya, sai ta yi maka wanka. Haka ruwan inji yake. Ramin da bai kai kan allura ba, ɓarnarsa ba ta tsaya ga ɗigon da ke zuba ba, matsin ne yake sacewa. Matsi na tafiya, ruwa zai fara tafasa a kewayen kan inji, inda zafi ya fi tsanani. Tururi ba ya kwasar zafi kamar ruwa, kuma yana neman wuri, sai ya tunkuɗa sauran ruwan waje ta ƙaramin tankin roba. Yoyo ya haifi tafasa, tafasa ta ƙara zubar da ruwa, direba kuma yana can yana zargin rana.

Shi ya sa murfin da robarsa ta tsattsage, ko bakin lagireton da aka toshe da tsumma da leda, ya isa ya sa lafiyayyar mota tafasa. Shi ya sa kuma buɗe murfi da zafi ganganci ne. A tsofaffin bas da injinsu da murfin ke ƙarƙashin kujerar gaba, cikin mota tafasasshen ruwan zai fesu, kan direba da yaronsa da duk wanda ya miƙo kai yana kallo. A kashe mota, a ba ta aƙalla rabin awa, sai tiyon sama ya yi laushi ya taɓu da hannu.

An bar jaki ana dukan taiki

Sai mu zo kan tamostat, wanda ya zama abin ɗora wa laifi. Duk alhajin da ya je Makka ya ga Hiace na jigilar mutane cikin zafin da ya fi na Sakkwato, kuma da tamostat ɗinsu kamfani ya sayar da su a can. Aikinsa ɗaya ne: ya tare ruwa kada ya je lagireto har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe. Na injunan Toyota da yawa a 82 yake fara buɗewa, an ma buga lambar a jikinsa. Lokacin da mota ke gudu da tsakar rana, a wangale yake, bai tare komai ba. Bugu da ƙari, a injuna da dama yana da faifai na biyu a gindinsa da ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. Ka cire shi, ka bar wannan hanya a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya yi ta kewaya inji bai huce ba.

Sauran hasarar a gidan mai ake biyan ta. Injin da bai kai zafinsa ba, musamman da safiyar hunturu, na'urar da ke sarrafa shi ƙara masa mai take yi, man da bai ƙone ba kuma ya wanke baƙin mai daga bangon silinda, ringi su cinye da wuri. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, babu direban da ke da litar zubarwa. Gaskiya ne tamostat kan lalace ya maƙale a rufe, kuma hakan na tafasa mota. Gane shi ba wuya: a jefa shi cikin ruwan zafi a kan wuta, in bai buɗe ba kafin ruwan ya tafasa, ya mutu, a sayo wani. Haɗa fanka dairek ma ɗan'uwan wannan ne, yana ɓoye ciwon na ɗan lokaci, ya gajiyar da fankar, ramin kuwa yana nan yana faɗaɗa.

Inda ake neman ramin

Da sanyin safiya ake farawa. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota tun da dare, inda ya jiƙe ya nuna sashen da za a leƙa. Ruwan da esi ke zubarwa fari ne tas, ba wari, ba santsi, wannan ba ciwo ba ne. Kulan yana da launi, yana da santsi a yatsa, yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, in ya bushe kuma yakan bar farin gari ko ja ko kore daidai inda ya fito. Wanda ya saba da fiya wata ya hana kansa wannan shaidar, domin ruwa tsura yana taɓa ƙarfe mai zafi yake ɓacewa.

A bi bakin kowane tiyo, wurin da kilif ya matse shi. A matsa shi da hannu: wanda ya kumbura, ko ya yi laushi fiye da kima, ko ya bushe yana ƙara, kwanansa ya ƙare. A duba lagireto a inda tankin roba ya haɗu da alminiyam, nan ya fi tsatsafowa. Famfon ruwa yana da wani ɗan rami a ƙasansa da aka bari da gangan, in ka ga sawun ruwa daga nan, ko ka girgiza fulinsa ka ji yana wasa, famfon ya tafi. Masu Sharon su lura da mahaɗan roba da ke gefen inji da kuma tankin nan mai siffar ƙwallo, tsufa da zafi na tsaga su.

Akwai kuma wurin da bas ta bambanta da ƙaramar mota, kuma nan aka fi mantawa. Yawancin waɗanda aka yi wa ƙasashen sanyi suna da hita, wasu har biyu, ta gaba da ta baya. Bututun ƙarfe ne ke kai ruwan inji zuwa ta baya, su bi ta ƙarƙashin bene. A Turai gishiri ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, don haka da tsatsarsu suke isowa. Mu da ba ma kunna hita ba ma tunawa da su, alhali ruwa na cikinsu kullum. Ita kuma ta gaba tana bayan dashbod, alamar yoyonta shi ne kafet ya jiƙe a wajen ƙafa, gilashin gaba ya riƙa yin hazo mai maiƙo.

In ido ya gaza, akwai ɗan famfon hannu mai geji da ake ɗaurawa a madadin murfi. Bakanike zai buga iska har allura ta kai lambar da ke kan murfin, ya saki, ya zuba mata ido minti 10 zuwa 15, yaronsa na kwance a ƙasa da tocila. Allura na fara sauka za ka ji murya daga ƙarƙashin mota: "Oga, ga shi nan, ta bayan kilif yake tsatsafowa." Ramin da sai mota ta yi zafi a kan hanya yake buɗewa, ga shi an kama shi inji na kashe, babu wanda ya ƙone.

Matsala babba ita ce allura ta sauka amma ƙasa a bushe. To ruwan cikin inji yake shiga, galibi gasket ɗin kan inji ya ƙone. Alamominsa sanannu ne: farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan mota ta ɗumama, baƙin mai ya koma ruwan madara, kumfa na ta ɓullowa a bakin lagireto, tiyon sama ya yi tauri 'yan mintoci da tayar da mota. Akwai wani shuɗin ruwan gwaji da ake riƙewa a bakin lagireto, in hayaƙin inji na shiga ruwa sai ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa ko kore. A nan canza gasket kaɗai ba ya isa sai an auna kan injin, domin na alminiyam yakan lanƙwashe da zafi, sai an kai an goge shi ya daidaita. Direbobi kuma su riƙe wannan: in allurar zafi ta hau ta hau, sai kwatsam ta faɗo da kanta, ba sauƙi aka samu ba. Ruwan ne ya ƙare har abin da ke auna zafin ya rasa abin aunawa.

Gyaran gaske da na jeka-na-yi-ka

Ɗaure tiyo da robar tayar keke dabara ce ta isa gari na gaba, ba ta zama ba. Fasa ƙwai a lagireto, ko zuba barkono ko garin taba, yana iya toshe ramin na kwana biyu, amma ƙwan bai san rami daga hanya ba, har siraran bututun lagireto da na hita yake toshewa. Tsohon lagireto na tagulla yana karɓar dalma a wurin mai gyara. Na roba da alminiyam in ya tsage, gam ba ya daɗewa a kansa, canji ne maganinsa. Tiyo sabo ya zo da kilif sabo.

Bayan gyara, a wanke hanyar ruwan har sai ya fito garau, sannan a zuba kulan. In mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, mara asid. Mai ruwan hoda na Toyota a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa komai. Masu cewa kulan maganin ƙanƙara ne don haka ba ruwanmu da shi sun faɗi rabin labari: a cikinsa ne sinadaran da ke hana tsatsa suke, ruwan rijiya da na burtsatse kuwa ƙasa-ƙasa yake bari a bututu, ya cinye fukafukan famfo. Launi kaɗai ba shaida ba ne, a karanta jikin jarka, a guji wadda ba ta da sunan kamfani. A cire iska daga hanyar, hita na kunne, a sake duba ruwan washegari da safe. Tsohon kulan kuma kada a bar shi a buɗe a tsakar gida, guba ne mai zaƙi da ke lalata ƙoda, yaro ko akuya na iya sha.

Ba direba kaɗai ke da laifi ba. Mai mota da ke jiran balas kowane dare, in aka ce masa a ajiye ta wuni ɗaya sai ya haɗe rai, shi ya koya wa direba zama da jarka. Jami'an da ke tare hanya sun ƙware a neman takarda da abin kashe gobara, amma bas na ɗigar da ruwa a gabansu za ta wuce in takardunta sun cika. Ƙungiyar direbobi da ke karɓar kuɗin lodi kullum ba za ta gaza sayen famfon gwaji guda ɗaya a kowace babbar tasha ba, a riƙa gwada motocin dogon zango kafin bazara ta shiga. Murfi da tiyo da kilif, a haɗa kuɗinsu duka, ba su kama ƙafar kuɗin sauke inji ba. Kuma a halin da wasu hanyoyinmu suke ciki, inda kowa ke addu'ar ya wuce kafin magariba, motar da ta tafasa a tsakiyar daji da mutum 18 a ciki ta wuce matsalar mai ita shi kaɗai.