Hattara da Man Fetur: Jan Kunne ga Iyaye

Ranar 15 ga watan Oktoba, 2024, da dare, wata tankar mai da ta taso daga Kano ta faɗi a garin Majiya, cikin ƙasar Taura ta Jihar Jigawa. Fetur ya malala cikin lambatu, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa. Ba a jima ba wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu, har aka haɗa da yawansu cikin kabari guda. Bayan wata uku kacal, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka sake yin irinta a mararrabar Dikko, kusa da Suleja, cikin Jihar Neja, inda fiye da mutum 80 suka rasu. Tun kafin waɗannan ma, a watan Mayu na 2019, an yi wata a birnin Yamai, ta ci rai fiye da 50.

Abin da mu ke so masu karatu su lura da shi shi ne, faɗuwar motar ba ita ta hallaka yawancin waɗannan bayin Allah ba. Suna gidajensu lafiya lau, suka taka da ƙafarsu zuwa wurin. Mun sani sarai talauci da zafi, ga shi kuwa tun da aka janye tallafin mai a 2023 fetur ya yi tsada ƙwarai. Amma fa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma da yawa cikin masu zuwa ɗiba ba su san halin abin da su ke ɗiba ba.

To, ga halinsa. Mutane su kan ɗauka ruwan fetur ne ke kama wuta, in ba a cilla masa ashana ba, ba kome. Ba haka abin ya ke ba. Tururin da ke tashi daga jikinsa shi ke kamawa. Tururin nan ya fi iska nauyi, saboda haka ya kan kwanta ƙasa, ya riƙa bin kwari da lambatu, ya yi nisa ido bai gan shi ba. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi, ko na janareta, ko na babur, ko guntun sigari, ko bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta. Wanda rigarsa ta jiƙe da mai kuwa, ko ya ruga, da wutar ya ke gudu. Saboda haka duk inda hancinka ya ji warin fetur, ka riga ka matso da yawa. Sai ka juya, ka nufi tudu da wajen da iska ke busowa, ka kira lamba 112, ko 122 ta jami'an kiyaye haɗurra.

Kada mai gida ya ce shi ba a bakin titi ya ke ba, domin hatsarin nan ya shigo har ɗakunanmu. Sau nawa mu ke ganin jarkar fetur a zaure, ko ƙarƙashin gado, ga kaskon wuta a gefe lokacin hunturu? Wani ya kan zuba wa janareta mai tana cikin aiki, wani ma har ya haska da kyandir. Daidai shi ne a kashe ta, a bari ta huce, sa'an nan a zuba. Kada kuma a tashe ta cikin ɗaki ko kusa da taga, gama hayaƙinta na ɗauke da wata iska mai guba marar wari, wadda ta kan kashe mutane cikin barci. Haka nan kananzir: uwar da ta zuba shi cikin kwalbar lemo ta ɗana wa ɗanta tarko. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin man ya kan sarƙe shi ya shiga huhu. A garzaya da shi asibiti.

In wutar fetur ta tashi a gida, ba a watsa mata ruwa, don man ya kan hau kan ruwan ya bi shi, wutar ta ƙara yaɗuwa. A rufe ta da yashi ko ƙasa muddin tana ƙarama. In ta fi ƙarfi, a fid da iyali waje, a bar kaya. Wanda wuta ta kama tufafinsa ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuwa, ruwa mai sanyi mai tsabta a ke kwarara mata har kamar minti 20, ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki, sa'an nan a kai ga likita.

Mu da aikin ilmi ke hannunmu muna iyakar ƙoƙari malamai su koya wa yara waɗannan abubuwa. Amma yaro ya fi bin abin da ya ga ubansa na yi bisa ga abin da malami ya rubuta a allo. Uban da ya ɗauki jarka ya ruga, gobe ɗansa zai riga shi isa. Don haka muna roƙon kowane mai gida ya tara iyalinsa tun yau, ya faɗa musu da bakinsa cewa ko an ji tanka ta faɗi a ƙofar gida, kada wanda ya je, ko da kallo ne. Masu unguwanni da dagatai su ma su sa a yi shela. In kunne ya ji, jiki ya tsira.